Direban Motar Gwaji

"Sake ƙirgawa," in ji Baba Sufana.

"Na ƙirga, Baba. Takwas ne."

"Ɗazu kin ce bakwai."

"Ɗazu ƙuda ne ya zauna a kan ɗaya."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da na ajiye hoton na miƙa masa ruwa. Ina zaune ne a kujerar roba a bakin gadonsa, da gilashin ƙara girma a hannuna, ina ƙirga notin tayar wata babbar motar soja da ta girmi uwata. Ni tela ce. Bango ɗaya ne tsakanin shagona da ɗakinsa, kuma a ranar riguna huɗu na jirana a kan keke, masu su sun riga sun fara aiko da saƙo.

Sunan Sufana daga gareji ya biyo shi. Shekara talatin ya yi yana gyaran motocin soja, da ya ajiye aiki ya buɗe nasa garejin, har ƙarfi ya ƙare. Yanzu ido ya yi hazo, ƙafafu sun kumbura, kuma 'yarsa, wadda muke kira Nas saboda aikinta na asibiti, ta faɗa mini a bakin ƙofa cewa zuciyar ta gaji, sai dai lallaɓawa. Ni kuwa Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Maigidana yakan ce ko tukunyar maƙwabta aka rufe, ba na samun sukuni sai na san abin da ke ciki. Ranar da na kawo wa Baba wandonsa da na rage wa ƙugu na tarar da shi ya dasa hanci a kan wani hoto, tambaya ɗaya na yi. Tun daga ranar na zama idonsa.

Kwalayen takalmi shida ne a ƙarƙashin gadon, maƙil da hotunan manyan motoci. Wasu daga tsofaffin mujallu ya yanko, wasu abokan aiki suka ba shi, wasu kuma masu irin ciwonsa na son motoci suka aiko masa daga nesa. A bayan kowane akwai rubutunsa da fensir.

"Kada ki dubi fenti," haka ya koya mini. "Fenti kwalliya ce, kowa na iya shafawa. Dubi abin da ba a canzawa da sauƙi. Notin taya nawa ne? Haƙoran gaba, ƙarafan da ke jere a hancinta, nawa? Ina fitila ta zauna? A wane gefe aka rataya tayar safaya, a wane gefe tankin mai yake? Mota ba ta ƙarya, 'yata. Mai kallonta ne ke yi wa kansa."

Shi ya gaya mini abin da ake kira motar gwaji. Kafin kamfani ya ƙera dubu, sai ya ƙera biyu ko uku ya ba soja su gana musu azaba a dutse da laka. Ba a ba su lamba, ba a rubuta musu suna. In sun ci jarrabawa a haifi ƙannensu, in sun faɗi a farfasa su. Hotonsu kaɗai ke saura, shi ma sai an dace.

Duk kwalayen nan shida saboda hoto ɗaya aka tara su. Ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, ya yi ruwan ƙasa, kusurwa ɗaya ta karye. Mota ce mai gajeren hanci ta fuskanci mai ɗauka, rana ta daki gilashin gaba ya yi fari fat, ba a ganin komai a ciki. Mutum biyu ne a tsaye, kowa a bakin ƙofa ɗaya. Ɗaya dogo ne mai gashin baki, ya karkata hula, yana kallon kyamara kamar shi ya saye ta. Ɗayan gajere, kunnuwa a waje, yana dariya, rana ta sa ya kanne ido ɗaya, da tsumma a hannunsa.

Ɗaya daga cikinsu mahaifin Baba Sufana ne. Yana cikin uwarsa aka tafi da uban aikin soja, bai dawo ba. Abin da uwarsa ta taɓa faɗa masa bai wuce wannan ba: "Ubanka direba ne, shi aka ba motar gwaji." Sai bayan rasuwarta, yana ɗan shekara ashirin, ya tsinci hoton a ƙasan akwatinta, a naɗe cikin ɗankwali. Wadda za a tambaya ta riga ta tafi.

"To ai da sauƙi," na ce a ranar farko. "Wanda ke gefen sitiyari shi ne."

"Ina sitiyarin?"

Na duba, hasken gilashin ya rufe shi.

Ya ce motocin soja na lokacin duk a dama sitiyarinsu yake, kuma mai gashin bakin, wanda yake kira Dogo, shi ne a ƙofar dama. Shi ya sa ya kai hoton aka fitar masa da Dogo shi kaɗai, aka ƙara shi, aka sa a gilashi. Ga shi nan a bango saman rediyo, shekara sittin yana bin Baba daga gida zuwa gida. Amma zuciyar makanike ba ta kwanta ba. Akwai wata motar gwaji a kwali na uku, guda uku kacal aka ƙera, wadda ta yi kama da ta hotonsa kamar an tsaga kara: noti takwas, haƙora tara, gajeren hanci. Sai dai ita safayarta da tankinta a hagu suke, ta hotonsa kuwa a dama.

"Kama da wane ba ta wane," in ji shi. "Wata ce daban, ta huɗu, wadda ba a rubuta ba. To in an juya mata tanki da safaya, an juya sitiyari ko ba a juya ba? In an juya, gajeren nan ne. In ba a juya ba, Dogo ne. Kin ga inda na tsaya ke nan tun kafin a haife ki."

"Kai wanne kake so, Baba?"

Ya ɗaga ido ya dubi bango. Na ji amsar.

Mun yi wata biyu a haka. Kullum bayan na rufe shago don hutun rana sai in shigo, mu buɗe kwali, in riƙa faɗa masa abin da na gani, shi kuma yana cewa a'a. Na koyi abubuwan da ba za su taɓa amfanata ba. Har a kan titi, in babbar mota ta wuce, sai in kama kaina ina ƙirga mata noti. Nas ba ta son abin ko kaɗan.

"Anti Tela, ke ma kin biye masa?" ta ce wata rana tana naɗe abin awon jini. "Mutum bai ci abinci ba, bai sha magani ba, yana neman motar da ta ruɓe tun kafin a yi ni. Tun ina ƙarama muke fama da kwalayen nan. Mama ta yi ta magana har ta gaji."

"Kakanki nake nema, ba mota ba," in ji Baba.

"Ga kakana can a bango. Shi na sani, shi nake gaisarwa tun ina yarinya."

A ranar da ƙuda ya ɓata mana lissafi, na gaji da noti, sai idona ya koma inda ya saba. Tela ko a gidan makoki ta shiga, ɗinkin mutane take kallo. Na sa gilashin a kan ƙirjin Dogo, ina yaba yadda aka kafa aljihun, sai na tuntsire da dariya.

"Baba, wai sojojin zamaninku rigar mata suke sawa?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ga shi kuwa. Rigar maza ɓangaren hagu ke hawa kan dama, maɓalli a dama. Ta mata ce dama ke hawa kan hagu. Waɗannan su biyun duk irin tamu aka ɗinka musu."

"Na sa ki ƙirga noti kin koma gulmar riga," ya ce, ransa a ɗan ɓace. "Kakin soja ne wannan. Ni na sa shi shekara talatin, hagu ke hawa dama. Idonki ne."

"Idona ne ke ciyar da ni, Baba."

"To je ki ya ciyar da ke. Na gaji."

Na fito ina jin haushi, don ba na son a ce ban ga abin da na gani ba. Na zauna a keke ina taka shi, hankalina na kan maɓallan nan. Telan soja zai yi kuskure a riga ɗaya, amma biyu? Sai ga wani malamin makaranta ya zo gwada rigar da na ɗinka masa. Ya sa, ya tsaya gaban dogon madubin shagona yana juyawa, ni ina bayansa da allura a baki ina gyara kafaɗa. Na ɗaga ido na dubi madubin. Rigar da na ɗinka da hannuna, wadda na san hagu ta hau dama, ga ta can a madubi dama ta hau hagu.

Saura kaɗan in haɗiye allurar.

"Lafiya, Tela?" in ji malamin. "Ba ta yi ba ne?"

"Ta yi, Malam. Cire ka tafi da ita."

Ko ɗankwalin kirki ban tsaya ɗaurawa ba na nufi shagon tsohon mai hoto da ke bakin kwana. Na tambaye shi ko hoto na iya fitowa a juye kamar a madubi. Ya dube ni ta saman tabarau kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum.

"A zamanin fim? Sau nawa! In mai wanki ya kifa fim ɗin, shi ke nan, dama ta koma hagu. In babu rubutu a hoton ba mai ganewa. Na taɓa wanke wa wani ango hoto, zobe ya koma ɗaya hannun, amarya ta kusa tashin gari."

Na kamo hanyar dawowa. Da farko murna ce ta cika ni, irin ta wadda ta ci gasa. Kafin in iso ƙofar shago murnar ta koma tsoro. In hoton a juye yake, babu wata mota ta huɗu. Motar kwali na uku ce, sitiyarinta a dama, kuma ainihin damar ita ce inda gajeren nan yake tsaye da tsummansa.

Na tare Nas da yamma tana shanya zanin gado a tsakar gida, na faɗa mata. Ta tsaya da zanin a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta.

"Kin tabbata?"

"Kamar yadda na san hannuna."

"To ki bar shi a cikinki, Anti. Don Allah. Kwana nawa ya rage masa? Shekara sittin yana kallon fuskar nan, da ita ya yi aure, da ita ya binne Mama. Yanzu ki zo ki ce masa baƙo ne? A bar kaza cikin gashinta."

Ban iya musa mata ba, don gaskiya ta faɗa. Na yi alkawari. Amma duk wanda ya san ni ya san riƙe magana a wurina kamar riƙe garwashi ne a tafin hannu. Kwana biyu ban shiga ɗakin ba. Na ce aiki ya yi yawa. Ina jin tarinsa ta bango, ina taka keke da ƙarfi don kada in ji.

A rana ta uku, da hantsi, ya buga bangon da sandarsa sau uku. Na shiga. Ya rame a kwana biyun nan, numfashi yana fita da ƙyar, Nas ta jingina shi da matashi uku. Ita ma tana nan a bakin taga tana haɗa magani. Tsohuwar rigar kakinsa na shimfiɗe a cinyarsa, ya sa an ciro masa ita daga akwati, yatsunsa na kan maɓallan.

"Hagu ke hawa dama," ya ce. "Na shafa na ji. Ke kuma ba ki taɓa ce mini kin ga abin da ba ki gani ba, in ban da maganar ƙuda. Kwana biyu kin ɓuya. Me kika gano?"

Na dubi Nas. Ta juya mana baya.

"Ba ita na tambaya ba," in ji shi. "'Yata, ni makanike ne. Na fi son a ce mini injin ya mutu da a ce bari mu gani. Kada ki bari in je in same su ban san wanda zan fara gaisarwa ba."

Nas ta ajiye kwalbar maganin. Ba ta juyo ba ta ce, "Ɗauko masa, Anti."

Na koma shago na cire dogon madubin daga ƙusarsa, na rungumo shi, mutanen layi na kallona. Muka jingina shi a ƙarshen gadon. Na ciro hoton motar kwali na uku na ba Nas ta riƙe, ni kuma na juya ƙaramin hoton ya fuskanci madubi, na sa gilashin ƙara girma a tsakani. Baba bai yarda a faɗa masa ƙarshen magana ba. Sai da muka bi hanyarsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Noti?"

"Takwas."

"Haƙora?"

"Tara."

"Safaya?"

"Hagu, Baba."

"Tanki?"

"Hagu."

"Ke, ta hannunki fa?"

"Hagu, Baba," in ji Nas. "Duka hagu."

"Rigunan?"

"Na maza ne," na ce.

Ya rufe ido. Na tsorata, na ce a raina na kashe tsohon mutane da surutuna. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Shekara sittin!" ya ce. "Na rubuta wasiƙa ta fi ɗari. Masana sun yi ta gardama a kan mota ta huɗu. Ashe tela ake jira."

Ya miƙo hannu, na ba shi hoton. Ya kai shi daf da idonsa, ya sa gilashin a kan gajeren. Ya daɗe.

"Kullum a nan nake ɗora babban yatsa in na riƙe hoton," ya ce a hankali. "A kan fuskarsa. Dubi yadda ta koɗe. Na ɗauka yaron mota ne saboda tsumman. Ni da na yi shekara talatin ina faɗa wa yara cewa direban kirki ba ya rabuwa da tsumma."

Nas ta zauna a bakin gadon ta leƙa ta kafaɗarsa. Ta dubi hoton, ta dubi ubanta, ta sa hannu ta rufe baki.

"Baba, kunnuwan."

"Na sani," ya ce. "Na daɗe ina ganinsu. Ban so ba ne."

Wannan maganar ce ta sa ni kuka, ban ɓoye ba. Nas ta tashi za ta sauke Dogo daga bango, ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi. Ya riƙe ni shekara sittin bai taɓa ƙorafi ba. Shi ma uban wani ne, wataƙila nasa ɗan bai samu ko hoto ba."

Sannan ya ce a ba shi fensir, mu kuma mu ba shi wuri. Na maida madubina shago.

Kwana tara ya ƙara. Bai sake cewa a buɗe kwali ba. In na shigo sai in tarar da hoton a kan ƙirjinsa, yana yi mini tambayoyin da ba ruwansu da mota. Haƙoran mutumin a jere suke ko da wushirya? Takalminsa a goge yake? Me nake tsammanin aka faɗa masa da yake wannan dariyar? Na ce wataƙila mai hoton ne ya ce ya miƙe tsaye, shi kuma gajeren ya ce ai a tsaye yake. Baba ya ce lallai irin maganarsu ce, don shi ma ya sha wannan tsokanar a wurin fareti.

Ranar Laraba da safe, ina yankan hannun riga, na ji Nas ta kira sunan Allah ta bango, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Na ajiye almakashi. Ko da na shiga ta riga ta rufe masa ido. Allah ya jiƙan Baba Sufana.

Bayan mako ɗaya, da baƙi suka janye, ta kira ni in taya ta kwashe ɗakin. Kwalayen ta ce za ta aika wa ɗaya daga cikin masu rubuto masa wasiƙa, ba ta iya zubar da su. Muka naɗe katifa, muka share. Ƙaramin hoton yana cikin aljihun tsohuwar rigar kakin. Ta juya bayansa. Duk sauran hotunan bayansu cike yake da lissafin noti da haƙora, wannan kuwa kalma ɗaya ce, a can gefe, ba a tsakiya ba, da rubutunsa: Baba.

"Me ya sa ya rubuta a gefe?" ta ce. "Ko idon ne?"

Ban sani ba. Ta matsa bakin taga don ta gani da kyau, ta ɗaga takardar, bayan hoton na fuskantarmu. Rana ta ratso ta. Motar ta fito dishi-dishi ta cikin takardar, safaya a hagu, kowa a inda ya tsaya ranar da aka ɗauka. Gajeren yana ƙofar dama da tsummansa, yana dariya, kalmar tana zaune daidai a kan ƙirjinsa.

Nas ba ta sauke hannu ba. Ni ma na tsaya a bayanta da tsintsiya, muna kallo.